Ɗakuna Biyar a Cikin Kuɓewa: Yadda Fure Ke Tsara Gidansa

Duk wanda aka taɓa sa shi yankan ɗanyar kuɓewa ya san surar nan. Kowane yanki da ya faɗo daga bakin wuƙa kamar ƙaramar taya yake, da 'yan ɗakuna a zagaye, kowane ɗaki da fararen 'ya'ya a ciki. Amma mutum nawa ne suka taɓa tsayawa su ƙirga ɗakunan? Yawanci biyar ne. Ka yanka goma, ka yanka ashirin, biyar ɗin za ka yi ta samu, sai fa in irin kuɓewar nan mai yawan gefe aka sayo, wadda takan wuce haka. Ayaba kuwa in ka yanka ta ka dubi tsakiyarta da kyau, kashi uku za ka gani. Kwanson wake ɗaki ɗaya ne dogo, 'ya'yan a jere kamar ɗalibai a layin taron safe. Gwanda ma ɗaki ɗaya ce, amma nata 'ya'yan a jikin bango suke manne ko ta ina.

Tun kuɓewar tana fure aka gama wannan lissafi. Abin da ke yanke shi shi ne yawan wasu sassa da ake kira kafel, da yadda aka jera su a tsakiyar furen. Ƙannena 'yan aji biyar da aji shida, wannan darasi ne da za ku haɗu da shi a Bayoloji, kuma yana cikin abubuwan da kan faɗo a jarrabawar WAEC da NECO, musamman ranar firaktikal, lokacin da za a ajiye maka tumatir ko lemu ko kwanson wake a ce ka yanka, ka zana, ka faɗi abin da ka gani. Da yawa sukan haddace sunayen kawai, sai a ajiye musu abin da suke ci kullum su kasa gane shi. Abin takaici ne, domin duk kayan gwajin darasin nan suna cikin kwandon cefane.

Sunayen kimiyyar da za ku gani a nan na rubuta su ne yadda bakin Bahaushe ke furta su. Rubutunsu na jarrabawa ku ɗauko shi daga littafinku harafi da harafi, don mai duba takarda ba ya yafe kuskuren rubutun irin waɗannan sunaye.

Mene ne kafel?

Ɗauki furen kuɓewa ko na yakuwa ka fara ɓare shi daga waje. Da farko za ka cire korayen ganyayen da suka lulluɓe furen kafin ya buɗe. Sai ganyayen furen masu launi, waɗanda ke jawo ƙudan zuma. Sai sassan namiji, masu ɗauke da bununi, garin nan mai launin rawaya da ke manne wa a yatsa. Abin da ya rage a can tsakiya shi ne ɓangaren mace. Masana suna kiransa jainishiyam, kalmar da aka haɗa daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mace, ɗaya gida. Gidan mace ke nan. Tubalin da aka gina gidan da shi kuwa shi ne kafel.

Kafel guda kamar gora yake. Yana da ciki mai faɗi a ƙasa, shi ne obari. Yana da wuya, shi ne sitayil. Yana da baki a sama mai danƙo ko mai gashi, inda bununi ke sauka, shi ne sitigima. A cikin cikin goran akwai 'yan ƙananan ƙwai da ake kira obul. Idan bununi ya sauka a baki, kowace ƙwayarsa sai ta tsiro da wani siririn bututu da zai bi ta wuya ya gangara har ya kai ga ƙwai. Bayan haka ƙwan ya zama iri, cikin goran kuma ya kumbura ya zama ɗan itace. Shi ya sa ma aka samo sunan kafel daga kalmar Girkanci mai ma'anar ɗan itace.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar kafel ita ce ka ɗauke shi a matsayin ganye da aka ninke. Ka samo ganyen mangwaro, ka ninke shi biyu ta tsawonsa har gefunansa biyu su haɗu, ka ƙaddara cewa an ɗinke su. Ka sami ɗaki rufaffe. Yanzu ka ƙaddara cewa 'yan ƙwai suna jere a cikin ɗinkin. Abin da ke hannunka kwanson wake ne. Je ka ɓare ɗanyen wake a hankali ka gani: kwanson yana da layi biyu, ɗaya a baya, ɗaya a ciki. Na bayan shi ne jijiyar tsakiyar ganyen. Na cikin shi ne ɗinkin, kuma a nan kaɗai 'ya'yan ke manne, wannan a gefen dama, na biye da shi a gefen hagu. Hancin wake da iyayenmu mata ke surfewa kafin a yi ƙosai ko alala, a nan ne ƙwayar ta riƙe jikin kwanson tana shan abinci, kamar yadda jariri ke yi ta cibiya.

Wannan tunani na cewa sassan fure ganyaye ne da suka sauya kama ya daɗe. Marubucin nan Bajamushe, Goethe, wanda aka fi sani da waƙoƙi da wasan kwaikwayo, ya fitar da ɗan littafi a kansa a 1790. Sai bayan shekara 200 aka sami hujjar da ta fi ƙarfi. A 1991 masu bincike a Kalifoniya ta Amurka suka nuna cewa idan aka kashe rukuni uku na ƙwayoyin gado a wani ɗan tsiro mai suna Arabidopsis, dangin kabeji, duk sassan furensa sai su fito kamar ganyaye. Ina son wannan labari saboda mawaƙi ne ya hango abin da ido kawai, kafin masu na'ura su zo su tabbatar.

Rufe ƙwai a cikin ɗaki ba ƙaramin abu ba ne. Itatuwan fayin da aka dasa a wurare masu sanyi irin su Jos ba su da kafel, irinsu a fili yake a kan ɓawon da ke ɗauke da shi. Tsirrai masu fure kuwa, waɗanda suka kai nau'i kusan 300,000, duk a rufe ƙwansu yake, a tsare daga bushewa da ƙwari. Gero da dawa da shinkafa da wake da gyaɗa duk cikinsu suke.

Gida uku, tsari uku

Tun da an kira shi gida, bari mu bi shi a matsayin gida.

Akwai gidan da ɗaki ɗaya ne tak. Fure mai kafel ɗaya ke nan, ana ce masa monokafos. Nan ne dangin wake suka yi sansani: wake, gyaɗa, gurjiya, waken soya, da manyan itatuwa irin su ɗorawa da tsamiya da bagaruwa da gawo. Tsamiya da wake ba su yi kama ba a tsaye, amma ka dubi 'ya'yansu, kwanso ne dogo mai layin iri ɗaya. Gyaɗa ce ke da nata salon. Furenta a sama yake, amma bayan barbara sai wani ɗan tsinke ya tsiro daga gindin obarin, ya lanƙwasa ƙasa ya tura shi cikin turɓaya, a can kwanson zai girma. Dalili ke nan da gyaɗa ta fi son ƙasa mai laushi irin jigawa. Mangwaro ma kafel ɗaya ke gare shi, da ƙwai ɗaya a ciki, shi ya sa ba ka taɓa samun ƙwallo biyu a mangwaro ɗaya.

Akwai kuma gidan da ɗakunansa suke da yawa amma kowanne a ware, kamar bukkoki a ruga: fili ɗaya, amma kowace bukka da bangonta da ƙofarta. Wannan shi ne afokafos. Littattafai sun fi kawo misalin furen wardi da sitiroberi, kuma misalai ne masu kyau. Sitiroberi dai ana noma shi a Jihar Filato, kuma 'yan ɗigon nan da ke jikinsa, da ake zaton iri ne, kowanne ɗan itace ne mai zaman kansa da ya fito daga kafel guda, jan naman da ake ci kuwa gindin furen ne ya kumbura. Amma muna da misalai a kusa da mu da suka fi waɗannan, kuma na farkonsu dabino ne.

Dabino akwai namiji akwai mace, kowanne bishiyarsa daban. Furen macen ƙarami ne ƙwarai, kuma a cikin kowanne akwai kafel uku a ware. Idan bununin namiji ya iso, ɗaya daga cikin ukun ne kaɗai ke girma ya zama dabinon da muke buɗa baki da shi, sauran biyun su motse. Idan kuwa bununi bai iso ba, abin mamaki, dukkan ukun kan kumbura tare, su ba da 'yan ƙananan 'ya'ya marasa ƙwallo, waɗanda ba sa nuna yadda ya kamata, ba su da zaƙin kirki, ba su da daraja a kasuwa. Manomin da ya ga zangarniyarsa cike da 'ya'ya uku-uku a manne ya san ya yi asarar shekara. Saboda haka masu dabino ba sa barin aikin ga iska. Sukan hau bishiyar su ɗaura reshen furen namiji a cikin na mace, ko su kaɗa masa garin. Aikin ya tsufa har ya shiga dokokin Hammurabi, sarkin Babila a ƙasar Iraƙi ta yanzu, fiye da shekara 3,700 da suka wuce. Har yau shi ake yi a gonakin dabino, daga dausayoyin Bilma a Nijar zuwa Dutse a Jigawa, inda akwai tashar binciken dabino. In ka sami dabino da hularsa ba ta cire ba, ɓalle ta ka duba ciki da kyau. Sau da yawa za ka ga 'yan tabo biyu masu ruwan ƙasa. Ragowar 'yan uwansa biyu ke nan da ba su yi rai ba.

Na biyu gwandar daji. Furenta yana da kafel masu yawa a cunkushe, kowanne da bakinsa. Bayan barbara sai su girma su manne da juna su zama ɗan itace ɗaya, amma ba su ɓoye asalinsu ba: ƙuraje-ƙurajen da ke jikin ɓawon, kowanne kafel guda ne, kuma a ƙarƙashinsa akwai iri guda. Idan ka ga ɗan gwandar daji ya karkace, gefe ɗaya ya cika ɗaya ya shafe, kafel-kafel ɗin wancan gefen ne ba su sami bununi ba.

Gida na uku shi ne wanda ɗakunansa suke haɗe, bangon wannan shi ne bangon wancan, kamar ajujuwa a gini ɗaya. Sinkafos ke nan, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, don fiye da kashi 80 cikin 100 na tsirrai masu fure haka suke. Kuɓewa kafel biyar ce a haɗe. Haka 'yan uwanta rama da yakuwa. (Abin da ake jiƙawa a yi zoɓo korayen ganyayen wajen nan ne da suka yi kauri suka yi ja. Ƙwallon da ake cirewa daga cikinsu shi ne ainihin ɗan itacen, mai ɗaki biyar, kuma da irinsa ake yin daddawar batso.) Auduga uku zuwa biyar ce, ka ƙirga ɓangarorin ƙwallon idan ya fashe. Albasa uku, ayaba uku, rogo uku, zurma uku. Lemu ya fi su duka bayyana kansa: kowane ɓari da kake ɓarewa ka miƙa wa ƙaninka kafel guda ne, sukan kai goma ko kusa da haka, 'yan jakunkunan ruwan kuma daga bangon ɗakin suka tsiro suka cika shi.

Tumatir yana da labari. Kakansa na daji, a yammacin Kudancin Amurka, ƙarami ne kamar ɗan marmara, mai ɗaki biyu. Manoma suka yi ta zaɓen masu girma suna ajiye irinsu shekara da shekaru, ba tare da sanin cewa abin da suke zaɓa shi ne furanni masu ƙarin kafel ba. Yau idan ka yanka dogon tumatir za ka sami ɗaki biyu ko uku, idan ka yanka babba mai faɗi mai tsaga-tsaga za ka sami shida ko fiye. Girman da ake yabo a kasuwa, wani ɓangarensa ƙarin ɗakuna ne kawai. Tattasai ma haka, ƙirga ƙullutun da ke gindinsa, sa'annan ka yanka ka ƙirga bangayen ciki.

Akwai wanda ya ƙi zama a ɗayan gidajen nan sosai, ita ce tumfafiya. Kafel ɗinta biyu ne, cikinsu a ware, amma a sama sun haɗu a baki ɗaya mai kusurwa biyar. Shi ya sa wani lokaci za ka ga 'ya'yanta biyu-biyu a gindi ɗaya. Wanda zai duba ta ya kula ƙwarai, farin ruwanta yana yi wa ido illa. A wanke hannu da sabulu, kada a taɓa fuska.

Inda ake tuntuɓe

Tuntuɓe na farko kalmar fistil ce. Fistil shi ne goran da idonka ke gani a tsakiyar fure, ko da kafel ɗaya aka yi shi ko da goma. Furen wake fistil ɗaya, kafel ɗaya. Furen kuɓewa fistil ɗaya, kafel biyar. Furen dabino fistil uku, kafel uku. Wanda ya riƙe waɗannan misalai uku ba zai sake rikita kalmomin biyu ba.

Na biyu ya fi wannan kama mutane: zaton cewa yawan ɗakuna shi ne yawan kafel a ko da yaushe. A kuɓewa da lemu haka ne. A gwanda fa? Ɗaki ɗaya ne babba, amma kafel biyar ne. Ka koma ga ganyenka na mangwaro. A kuɓewa kowane ganye ya ninke ya rufe kansa tukuna, sa'annan biyar ɗin suka haɗa baya, ɗinkinsu duk ya taru a tsakiya. A gwanda kuwa ganyayen ba su ninke ba, sai suka tsaya a da'ira, gefen wannan ya kama gefen na kusa da shi, kamar mutum biyar da suka riƙe hannun juna suka bar fili a tsakiya. Ɗinkin ya koma jikin bango, 'ya'yan suka bi shi can. Yanka gwanda a gicciye ka kwashe 'ya'yan, sau da yawa za ka ga ramin yana da kusurwa biyar kamar tauraro, kuma bakin furen macen reshe biyar ne.

Zogale ma yakan yaudari mutum. Dogon kwansonsa sai ka rantse ɗan uwan wake ne. Bari ya bushe ka gani: gida uku yake tsagewa, don kafel uku ne a haɗe. Wake kuwa gida biyu yake tsagewa, amma kafel ɗaya ne, ya fashe ne ta ɗinki da ta jijiya. Riɗi ya bi ta ɗaya hanyar. Yawancinsa kafel biyu ne, amma wani bangon ƙarya yakan tsiro ya raba kowane ɗaki biyu, sai ka ga layin iri huɗu.

To, ta yaya za a ƙirga kafel ba tare da an faɗa rami ba? Kada ka dogara da shaida ɗaya. Ƙirga rassan bakin, wato sitigima, in furen yana hannunka. Ƙirga ɗakunan. Ƙirga layukan da 'ya'ya ke manne. Dubi gida nawa busasshen ɗan itacen ke tsagewa. In biyu ko uku daga cikin waɗannan suka yi daidai, ka samu.

Wurin da ƙwai ke manne a jikin obari sunansa filasenta, sunan da aka aro daga mabiyiyar da ke ciyar da ɗan tayi, kuma tsarinsa ne ake yawan tambaya a firaktikal. Ba ya bukatar hadda in ka gane labarin ganyen. A wake 'ya'yan suna gefe ɗaya a kan ɗinki, wannan majinal. A kuɓewa da lemu da tumatir suna manne da ginshiƙin tsakiya, da bangaye tsakaninsu, wannan aksail. A gwanda suna jikin bangon waje, wannan farayital. Akwai wanda ginshiƙin tsakiya yana nan da 'ya'yansa amma babu bangaye, ana ce masa firi-santiral, misalinsa ganyen miyar nan mai santsi da Yarbawa ke kira gbure. Sai wanda ƙwai ɗaya ne tak a zaune a ƙasan ɗakin, besal, kamar a shuwaka da latas. Kankana da kokwamba da kabewa farayital ne masu kafel uku, sai dai naman filasentar ya kumbura ya cika ɗakin har ya haɗu a tsakiya, don haka in an ba ka zaɓi ka fara koyo da gwanda, ta fi fitowa fili.

Me fure ya samu da haɗa ɗakuna?

Tambayar da ta fi burge ni ke nan, kuma ba a cika yin ta a aji ba. Masana suna ganin tsarin ɗakuna a ware shi ne ya riga zuwa. Akwai wani ɗan itace mai suna Amborella, wanda ba ya fitowa a daji ko'ina a duniya sai a tsibirin Sabuwar Kaledoniya da ke tekun Fasifik, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna reshensa ne ya fara rabuwa da na sauran tsirrai masu fure da ke raye. Kafel ɗinsa a ware suke, bakinsu ma ba a ɗinke yake ba, wani ruwa mai danƙo ne ya toshe shi. In haka ne, me ya sa mafi yawan tsirrai suka koma haɗe?

Amsa ɗaya tana cikin karkataccen ɗan gwandar dajin nan. A gidan bukkoki, kowace bukka sai an kai mata nata saƙon. Idan ƙwaro ya zo ya zube bununi a kan baki biyu ya tafi, waɗannan biyun sun sami fiye da bukatarsu, sauran sun tashi a tutar babu. A mafi yawan furanni masu kafel a haɗe kuwa akwai hanya ɗaya ta tarayya a cikin wuya, kamar soron da duk mai shiga gida zai bi ta cikinsa. Bututun bununin da ya sauka a kowane gefe na baki yana iya ratsawa ya shiga kowane ɗaki. Ziyara ɗaya ta ƙudan zuma tana iya wadatar da ɗakunan kuɓewa biyar. Ƙari a kan haka, tun da duk bututun suna tsere a hanya ɗaya, masu ƙarfi ne ke riga isa ga ƙwai, sai irin ya fi inganci. Kuma bango ɗaya na waje da zai kare ɗakuna biyar ya fi arha a kan bango biyar.

Kada a kawo masara cikin wannan lissafi, ko da yake giɓin da ake gani a jikin goyonta shi ma rashin bununi ne. Goyon masara tarin furanni ne masu yawa, kowace ƙwaya furenta daban, kowane zare na gemun masara kuma wuya da bakin fure guda ne. Abarba ma tarin furanni ce da suka haɗe. Gwandar daji da sitiroberi kuwa fure ɗaya ne mai kafel da yawa. Ana son wannan tambaya a jarrabawa.

Sama ko ƙasa

Saura abu ɗaya: a ina obarin yake zaune? A tumatir da kuɓewa da wake yana sama, sauran sassan furen sun fito daga ƙarƙashinsa. A gwaiba da ayaba da kankana ya nutse cikin gindin furen, sauran sassan suna kansa. Ba sai kana da fure za ka gane ba. Dubi inda ragowar furen take a jikin ɗan itacen. Koren tauraron tumatir da hular gauta suna wajen da aka tsinko su, obari a sama ke nan. 'Yar rawanin gwaiba da ta rumman, da baƙin tabon ƙarshen ayaba, suna can ɗaya ƙarshen, obari a ƙasa ke nan. Masu noman kankana da wannan suke bambanta furanni: na mace yana da 'yar ƙaramar kankana a ƙarƙashinsa tun kafin ya buɗe, na namiji siririn tsinke kawai gare shi. In ƙudan zuma sun yi ƙaranci a gonar, 'yan kankanan nan sai su yi rawaya su zube, abin da ya sa feshin maganin ƙwari da safe lokacin da furanni suke buɗe yake jawo asara.

Masana suna taƙaita duk wannan da harafi da lamba. Harafin G shi ne gidan mace. Wake G1. Dabino G3. Albasa G(3), baka biyun suna nufin a haɗe suke. Kuɓewa G(5). Idan obari yana sama sai a ja layi a ƙarƙashin lambar, idan yana ƙasa a ja a kanta.

Ranar firaktikal, karanta tambayar sau biyu kafin ka taɓa reza. Yankan gicciye daban, tsagawa ta tsawo daban, kuma wanda ya tsaga tumatir ta tsawo alhali gicciye aka ce, duk kyan zanensa ya tafi a banza. Ɗakuna da filasenta a yankan gicciye suke fitowa, matsayin obari kuwa a tsagawar tsawo. Yi yankan a tsakiyar ɗan itacen, kada ka yi kusa da ƙarshe inda ɗakuna ke matsewa. Zana abin da ke gabanka da fensir mai tsini, layi ɗaya ba tare da shafe-shafen inuwa ba. In tumatirin da aka ba ka ɗaki uku gare shi, uku za ka zana, ko da na littafinka biyu ne. Ja layukan suna da rula, kada su gitta juna, kowanne ya taɓa abin da yake nunawa. Rubuta kan zanen, sa'annan ka auna tsawon zanenka ka raba da tsawon ainihin abin, ka rubuta ninkin girman a ƙasa, misali ×2.

Kafin ranar ta zo, ka roƙi mai girki ta ba ka kuɓewa ɗaya da tumatir ɗaya da kwanson ɗanyen wake, ka ƙara da ɓarin gwanda in ta samu. Yanka, ƙirga, zana, sa'annan ka mayar mata da su tukunya.